Ranar da Ramatu Ta Faɗi Sunan Idris

Kububuwa ta sari Idris ranar Asabar da hantsi, yana ɗaga damin gero a gonarsu ta bayan Gangara. Kwana biyu ana maganin gida, an ɗaure, an tsaga, an shafa, ƙafa sai ƙara kumbura take kamar turmi. Ran Litinin da jini ya fara tsattsafowa ta dasashinsa, sai aka sa shi a mota zuwa gidan likita na Tanut. Mata biyu suka raka shi: matarsa Zalika, da tsohon cikinta, sai uwarsa Ramatu, wadda ta ce ita dai ta biyo ne don ta taya Zalika riƙon kaya.

Haka za ta ce mana! Idris ɗan farinta ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Yana barin nono kakarsa ta ɗauke shi, shi ya sa ma ya tashi yana ce wa uwar tasa Yaya. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", da ya yi aure ta koma "mijin Zalika". Haka uwarta ta yi, haka matan garinsu ke yi, kuma duk wadda aka ga tana rawar jiki a kan ɗan fari, to ta zama abin zunɗe a bakin rijiya har ta tsufa. Amma Allah ya sani, a cikin 'ya'yanta shida ba wanda take ji har cikin ƙashinta kamar shi.

Babban ma'aikacin ɗakin, wanda ake ce wa majo, ya duba ƙafar, ya ɗaga leɓen Idris, ya girgiza kai. Ya rubuta takarda ya ce allurar dafin maciji za a sayo a gari, yanzu-yanzu, kada a tsaya ko shan ruwa. Zalika na riƙe da tasar da mijinta ke tofa jini, ga ta da ƙyar take tashi. Ramatu ta miƙa hannu tana kallon gefe.

"To kawo, tunda ba kowa."

Tana fita ƙofa, inda ba mai ganinta, ta tattare zani ta zuba da sauri kamar yarinya.

Farmasin da aka nuna mata sabo ne fil, ƙofar gilashi, ƙasa sai ƙyalli, ga sanyi kamar cikin randa. Ramatu ta tuɓe takalma a waje ta yi sallama. Ba wanda ya amsa. Bayan kanta akwai wata budurwa da ake kira Nana, ita ce mai kes, wajenta ake fara kai takarda, ta duba a na'ura, a biya, sannan a ba mutum magani. Ta toshe kunne ɗaya da zaren wayar salula, tana taunar cingam tana dariya da wani da ba a gani.

Ramatu ba ta san wannan tsari ba. A kasuwar Gangara mai saye gaisuwa yake yi ya dakata, mai kaya ya tambaye shi gida da gona, sannan ya ce me aka zo nema. Don haka ta raɓe gefe ta durƙusa, takarda a hannu, tana jira a tambaye ta. Mutanen gari kuwa shigowa suke, su miƙa takardunsu ta saman kanta, a sallame su, su wuce. Mutum biyar, mutum goma. Da ta ga abin ba na ƙare ba ne, ta miƙe ta matso.

"Sannu da aiki, 'yata. An tashi lafiya? Ya gida, ya iyaye?"

Nana ta dube ta tun daga ƙafafunta masu faso har ɗankwali, irin kallon da ake yi wa ƙuda a cikin fura.

"Ke tsohuwa, ɗauke hannunki daga gilashi, yanzu aka goge. Sadaka sai ran Juma'a."

"Ba bara na zo ba, 'yata. Takarda ce daga likita."

Nana ta fizge ta da yatsa biyu, ko warware ta ba ta yi ba.

"Na gaggawa ne? Wa ye ba lafiya?"

Nan fa Ramatu ta ji idon mutane a kanta. Ga maza a tsaye, ga wani dattijo da hularsa. Ta ce wa? Ta buɗe baki a gaban baƙi ta ce ɗanta? Ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi.

"Wani ne can wajenmu."

"Jikin ya yi tsanani?"

"A'a, da sauƙi. Alhamdu lillahi."

Ai ko mutum na shure-shuren mutuwa, a ƙasarsu ta Damargu "da sauƙi" ake cewa, kuma kowane ɗan ƙasa ya san sai ka ƙara tambaya sau biyu kafin ka ji gaskiya. Nana ma ta sani sarai, ba daga sama ta faɗo ba, kakarta na nan ƙauyen Tarka tana daka. Amma sai ta taɓe baki.

"To tunda da sauƙi, koma can ki jira. Akwai masu sauri."

Ta danne takardar da kwalbar lemonta, ta koma ga hirarta.

Ramatu ta koma ta durƙusa. Wayyo, zaman nan! Tasar Zalika kawai take gani a idonta. Ta ga an sallami mai neman man shafawa, an sallami wata hajiya da ta tsaya zaɓen turare, ita da Nana har da tafawa. Sau biyu tana miƙewa, sau biyu ana ce mata, "Ke wai ba ki jin Hausa ne? Na ce ki jira!" Ta yi tunanin karɓe takardarta ta nemi wani wuri, to amma ina ta sani a Tanut? Kuma a ganinta tunda yarinyar ta riƙe takarda, ai magani na nan, layi ne bai zo kanta ba. Ta haɗiye, ta yi ta salati a zuci. Inuwar da ke bakin ƙofa ta janye har takalmanta suka koma cikin rana.

Ana kiran azahar Nana ta miƙe, ta rataya jaka, ta karkaɗa makullai.

"Kowa ya fita, mun tashi. Sai ƙarfe uku."

Ramatu ba ta san lokacin da ta isa kantar ba. Ta dafa gilashin da hannu biyu, ta buga shi har kwalbar ta yi tsalle.

"Ɗana ne! Idris! Idris ne, ɗan farina, maciji ya sare shi, jini yake zubarwa ta baki! Ki ba ni maganin ɗana, don girman Allah!"

Muryar ta fito a tsage, ita kanta ba ta gane ta ba. Mutanen shagon duk suka juyo. Kunya ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa, ji take kamar zaninta ne ya faɗi a tsakiyar kasuwa, amma ba ta ɗauke hannun ba.

Nana ta ja tsaki, ta zaro takardar, ta warware. Kallo ɗaya ta yi mata. Ɗaya tak, wallahi, bai kai ƙiftawar ido biyu ba.

"Wannan ai ba mu da shi. Mun fi wata biyu ba a kawo ba. Ki gwada na wajen tasha."

Ta turo takardar, gindin kwalba ya bar mata zobe a jiƙe.

Wani magidanci mai suna Mato, wanda ya shigo sayen maganin hawan jini, ya kasa daurewa.

"Ke 'yar nan, ba ki da uwa ne? Tun ɗazu matar nan ke durƙushe, ki duba takarda kawai ya gagare ki?"

"Ni na san gaibu ne? Ita ta ce da sauƙi. In tana da baki ai sai ta yi magana."

Ramatu ta dube ta. Akwai maganganu a bakinta, irin waɗanda in tsohuwa ta faɗa wa yaro ba ya ƙara ganin daidai. Ba ta da lokacinsu. Ta ɗauki takardarta ta fita, ta manta da takalma, ƙasa na ƙuna ba ta ji ba.

Mato ya biyo ta da su a hannu, ya ce, "Inna, hau babur in kai ki." A farmasin tasha, wani ɗan ƙaramin shago mai rufin kwano, mai wurin na shirin rufewa ya tafi masallaci. Yana ganin takardar ya mayar da makulli aljihu, ya buɗe firji, ya naɗe kwalin a leda da ƙanƙara. Ta kwance bakin zani ta biya. Duka-duka abin bai ɗauki lokacin da za a dama fura ba, kuma wannan saurin ne ya fi komai ƙona mata rai.

A gidan likita ta tarar da Zalika zaune a ƙasa a bakin ɗaki, ta miƙe ƙafafu, ɗankwali ya zame, tasar na gefe an kife ta. Majo ya fito. Ya dubi ledar, ya dubi Ramatu, ya karɓa a hankali da hannu biyu.

"Inna, sai haƙuri. Bai fi rabin awa ba."

Zalika ta ɗago jajayen idanu.

"Yana ta tambaya, Inna. Yana ta cewa ina Yaya ta tsaya. Na ce kina hanya."

Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane. Takan ce Allah ya jiƙan rai, ta koma gefe, ta bar wa wasu. Ramatu ta san haka, ita ma ta sha gaya wa wasu matan. Ta shiga ɗakin, ta wuce gadaje biyu, ta yaye zanin da aka rufe shi da shi. Sun goge masa baki. Ta dafa goshinsa, rabonta da taɓa shi tun yana goye.

"Idris," in ji ta. "Ga ni na zo. Idris."

Ta yi ta kiransa da ƙarfi, tana girgiza kafaɗarsa, har mutumin da ke gadon kusa ya juyar da fuskarsa bango.