Motar da Mayen Ƙarfe Ya Ƙi

Shekara talatin da bakwai Mai Guduma yana miƙar da jikin motocin da suka lotsa, kuma a duk tsawon shekarun nan abokin shawararsa ɗaya ne: wani mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya naɗe shi a ƙyalle don kada ya karci fenti. In ya manna shi a jikin mota ya kama, to ƙarfe ne lafiyayye. In ya faɗi, an taɓa buge wurin an cike ramin da fila, an rufe da fenti. Dillalan mota sun tsani ƙyallen nan fiye da yadda ɓera ya tsani kyanwa.

Ranar nan da hantsi Auta, 'yarsa mai aikin jinya, ta shigo garejin da wata farar mota mai lantarki, shiru kamar an turo ta da hannu.

"Baba, ta aminiyata ce, wadda muke aiki tare. Za ta sayar mini. Ta ce ko keke bai taɓa gogar ta ba, amma dai ka duba."

Ya zagaya motar yana taɓe baki, don shi motar da ba ta tari ba ta hayaƙi bai gama yarda mota ce ba. Ya manna ƙyallen a ƙofar direba. Tim, ya faɗi ƙasa. Ya gwada bonet, ya zame. Ya gwada jikin motar da ke saman taya, ko alamar kamawa bai yi ba.

"Auta, wannan ai ba buge ta aka yi ba, niƙe ta aka yi. Fila ce tun daga goshi har wutsiya."

Fuskar Auta ta canza. Ba motar ce ta dame ta ba. Shekara goma sha biyu suna raba abincin rana da wannan aminiyar, ita ta kwana a kanta lokacin haihuwarta ta fari. Nan take Auta ta rubuta mata saƙo mai zafi, ta ajiye makullin a kan benci.

"Da yamma za ta zo ta ɗauki kayarta," ta ce, ta tare tasi ta tafi.

Da a ce Mai Guduma mutum ne mai barin abu ya wuce, da shi ke nan. Amma motar ta tsaya masa a rai. Wane gwani ne ya shafe mota guda da fila har ido bai ga tudu ko kwari ba? Shi dai yana son ganin hannun mutumin nan, ko don ya gaishe shi.

Ya ƙwanƙwasa ƙofar da bayan yatsa. Fila tana amsawa ne da murya a toshe, wannan kuwa sai ta yi ƙara siririya. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya kara kunne. Daga nan ya kwance murfin cikin ƙofar, ya zura hannu ta baya yana laluben sawun guduma, don duk iya gyaran mutum, bayan ƙarfe ba ya rufa masa asiri. Sumul ya ji. Ya ɗauki ƙusa ya ɗan karci wani lungu da ido ba ya kaiwa, sai ga farin ƙarfe yana ƙyalli.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ya dubi butar shayinsa ta alminiyom da ke kan risho. Ya je ya manna mata ƙyallen. Tim.

"Ikon Allah," ya ce. "Ke ma hatsari kika yi?"

Ya koma jikin motar da ke saman tayar, ya sa gwiwa ya danna a hankali. Wurin ya loɓa, yana janye gwiwa ya dawo fau, ba ko tabo. Roba ce. Ya danna sau uku yana dariya shi kaɗai, kafin ya tuna abin da ya faɗa wa Auta. Magana zarar bunu ce, tasa kuwa ta riga ta isa inda za ta.

Da la'asar aminiyar ta zo, idanunta jajur. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, ta miƙa hannu a ba ta makulli.

"'Yata, tsaya. Jikin motar nan da me aka yi shi?"

"Alminiyom da roba, Baba. Masu ƙera ta sun ce batirin yana da nauyi, shi ya sa suka rage wa jikin. Na rubuta mata hakan, ko buɗewa ba ta yi ba. Shekara goma sha biyu, amma ɗan ƙarfe a ƙyalle ya isa ta kira ni maƙaryaciya."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban dillali ko mai mota ba.

"Ba ƙarfen ta gaskata ba," ya ce. "Ubanta ta gaskata, don bai taɓa yi mata ƙarya ba. Yau ma ba ƙarya na yi ba, jahilci na yi, kuma na faɗe shi da babbar murya. In fushi za ki yi, ga mai laifin a gabanki."

Ya kira Auta, ya faɗa mata komai bai rage ba, har da butar shayi. Da ya gama, Auta ta ce:

"Baba... tana nan?"

Ya miƙa wa aminiyar wayar. Ta tsaya tana kallonta, har ya fara tsoron ba za ta karɓa ba. Sannan ta goge ido da bakin mayafi ta karɓa.

Ya matsa can bayan motar don ya ba su wuri. Ya zaro ƙyallen daga aljihu, ya juya shi a tafin hannu, ya rataye shi a ƙusa kusa da gudumominsa. Sai da ya ji aminiyar ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki," tana dariya cikin kuka, sannan ya saki numfashi.