Tsagar Ɗaki na Bakwai

Shekara talatin da ɗoriya Mai-Igiya yana gini, bai taɓa jin inda ake tattalin tsagar bango ba sai a otal ɗin da matarsa ke aiki. Laƙabin ma daga igiyar awonsa ya samo shi, wadda ba ta barin aljihunsa. Ko ziyara ya je gidan mutane, ana gaisawa sai ka ga ya karkata kai yana hararar bangonsu.

Otal ɗin tsohon gidan wani attajiri ne a tsakiyar tsohon gari, irin gidajen nan masu kaurin bango da baƙi ke ketowa daga nesa don su koma gida su ce sun kwana cikin tarihi. An zuba masa fitilu da kafet mai nutsar da ƙafa, tawul kuwa har da na goge yatsu. Amma ɗan lelen gidan shi ne ɗaki na bakwai, saboda wata tsaga da ta taso daga kusurwar taga, ta yi kwana, ta gangaro har bayan kan gado. Takardar tallan otal ta ce wai ranar da aka ci garin da yaƙi, shekara ɗari huɗu da suka wuce, bangon ya tsage. Har fitilarta daban aka kafa mata. Sai mutum ya jira watanni kafin ya samu kwana a ƙarƙashinta.

Matarsa, Uwar Biyu, ita ke gyaran ɗakin, shekara shida ke nan. Kullum da hantsi takan durƙusa a gindin bangon nan ta ja zanen gado, ta share, sannan ta bi tsagar da ɗan buroshi mai laushi kamar yadda aka koya mata.

Wata rana da la'asar ta dawo ta ajiye masa ƙullin hankici a kan tabarma.

"Malam, duba min wannan."

Ya kwance. Yashi ne da garin tsohon yaɓe, cikin cokali biyu. Ya murza a yatsa, ya ji da danshi.

"Daga ina?"

"Daga gimbiyar tamu, tsagar ɗaki na bakwai. Da can sai in yi mako ban kwashe komai ba. Yanzu kullum sai na tarar da irin wannan a bayan gado."

"Me aka yi a saman ɗakin kwanan nan?"

"Bahon wanka aka hau da shi, na dutse. Ƙarti takwas suka ɗauka."

Mai-Igiya ya dafe kai. Washegari ya ba ta kwalin ashana, ya ce ta cusa tsinke a wurin da tsagar ta yi kwana, ta gaya masa guda nawa suka shiga. A makon farko ɗaya ne, da ƙyar. A mako na uku, uku suka shige a jere ba gardama. Ranar bai iya cin abincin kirki ba.

Da safe ya sa rigarsa ta fita unguwa ya nufi otal. Mai gadi ya dubi takalminsa, ya nuna masa ƙofar baya, ta wajen da ake shigo da kayan miya. Ya haɗiye. Aka zaunar da shi a wata kujera da ta kusa haɗiye shi shi ma, aka miƙo masa jiƙaƙƙen tawul mai sanyi a bakin wani ɗan ƙarfe mai kama da awartaki. Bai san abin yi da shi ba, sai ya riƙe a hannu har Manaja ya iso. Matashi ne mai fara'a, turarensa na riga shi shiga ɗaki.

"Sannu da zuwa, Baba. An ce kai ne maigidan ma'aikaciyarmu. Mace mai ƙwazo, wallahi."

"Yallaɓai, bangon ɗaki na bakwai yana tafiya."

"Tafiya? Zuwa ina?"

Mai-Igiya ya jera tsinkayen ashana uku a kan tebur, ya yi bayani dalla-dalla: nauyin baho daga sama, bututu mai yoyo a ciki, tsohon yaɓe yana shan ruwa. Manaja yana gyaɗa kai yana murmushi, irin murmushin da ake yi wa tsoho in ya fara labarin zamanin da.

"Baba, bangon nan shekara ɗari huɗu yake tsaye."

"Shekara ɗari huɗun ba da baho a kansa ba."

"Kafin mu buɗe, masana suka duba, da takardunsu."

"Takardar ce za ta tare shi in ya taho?"

"Ka ga, Baba, tsagar nan ita ce fuskar otal ɗin nan. Cire ta, me ya rage? Ɗaki mai gado, kamar na ko'ina. Amma na gode ƙwarai da kulawa. A kawo wa Baba lemo!"

Lemo! Mutum ya zo da maganar rai, a tare shi da lemo da ɗan tsinke mai lema a kai. Ya ajiye musu tawul ɗinsu a kan tebur, ya kwashe ashanarsa, ya fice ta inda ya shigo.

A gida ya sauke fushin a inda bai kamata ba.

"Daga gobe kin bar shiga ɗakin nan. Ki ce a canja miki."

"In na bari, wa za a tura? 'Yar wani ce dai za ta durƙusa a wurin. Ita ba ta ma san ta saurara ba, ni ko motsi ya yi ina ji."

"To ki bar aikin gaba ɗaya!"

"Su kuma masu kwana da kansu a gindinsa fa? Jiya wata tsohuwa ce da jikarta."

"Ke kika haife su?"

"Malam, ka sha ruwa," in ji ta, ta tura masa kofi.

Kai, mace in ta kafe! Ya sha ruwan don ba yadda zai yi. Kullum da safe yana kallonta tana ɗaura ɗankwali, har ta sha kwanar layi. A wurin aiki kuwa ya zama abin tsoro; lebura ya ajiye bulo a karkace kaɗan, sai ya sha faɗan da ba nasa ba.

Ranar Laraba da hantsi abin ya faru. Uwar Biyu ta gama shimfiɗa gado ke nan, ta juya ta ɗauko matashi na biyu, sai ji ta yi tim! Ɓangaren yaɓe mai faɗin faranti ya faɗo daidai inda kanta yake ɗazu. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauke shi a kan matashin yadda yake, ta ratsa ta gaban baƙi masu karin kumallo, ta dire wa Manaja a kan tebur.

Kafin azahar mota ta zo har wurin aiki ta ɗauki Mai-Igiya. Yau ta ƙofar gaba aka shigar da shi, da siminti a ƙafa da komai. Bai kalli kowa ba sai da ya ga matarsa tsaye, ya dube ta sama da ƙasa, sannan ya shiga ɗakin ya saki igiyarsa a jikin bango. Bangon ya turo ciki da faɗin yatsa biyu.

"Kwana goma sha biyu," in ji shi. "A sauke baho, a canja bututu, in tokare rufi, in kwance wannan ɓangaren in ɗaure shi da sabon gini."

"Duk na yarda, Baba." Murmushin Manaja ya ragu sosai. "Abu ɗaya ne kawai. In ka gama, ka mayar mana da ita."

"Da wa?"

"Tsagar. Yadda take, ba ƙari ba ragi. Ba sai ta yi zurfi ba, a sama-sama kawai."

Mai-Igiya ya juyo ya fuskance shi.

"Yallaɓai, ni magini ne. Ana kirana in toshe tsaga. Tun ina ɗaukar wa ubana kwaɓi ban taɓa barin bango da ko zanen farce ba. Yanzu da furfurata in yi gini lafiyayye, in kuma ɗauki guduma in yi masa ƙarya?"

"In ba haka ba masu otal ba za su sa hannu ba. Sai dai in nemo wanda zai ɗan cusa mata gam daga ciki, mu buɗe jibi."

Ya san irin waɗanda za a nemo. Ya san kuma gam ba ya riƙe bango. Amma zuciya ta ɗebe shi, ya naɗe igiyarsa ya ce su nemo ɗin, ya yi tafiyarsa.

Washegari ya idar da sallah yana zaune, ya ga Uwar Biyu ta ɗauko ɗankwalinta na aiki. Ta ɗaura, ta gyara, ta sa takalmi. Tana kai wa bakin ƙofa ya yi tsaki mai ƙarfi, ya jawo buhun kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado.

"Tsaya mana! Sai ka ce ana korar ki."

Aikin kam ya yi shi yadda ransa ke so. Ya tsaya a kan masu sauke baho, ya sa mai famfo ya sake haɗi har sau biyu, ya zaɓi duwatsu ɗaya bayan ɗaya daga waɗanda ya kwance. A rana ta goma ya saki igiya, ta sauka sak, ko gashi ba zai ratsa ba. Ya ja da baya ya kalli bangon, sumul, gwanin sha'awa. A duk rayuwarsa bai yi wanda ya fi shi ba, kuma kwana ɗaya kacal aka bar shi a haka.

Manaja ya kawo hotuna a yi koyi da su. Uwar Biyu ta leƙa ta ce hoton bai nuna komai ba, fitila ta cinye rabin tsagar. Ta karɓi gawayi ta tsaya a bayan mijinta.

"Daga nan ta faro. A'a, ƙasa kaɗan. Sai ta yi kamar za ta miƙe, ta fasa."

Ya kafa bakin cizal ɗinsa na sassaƙa a bango, ya runtse ido, ya buga.

"Malam, ka cika miƙewa. Tsaga ce fa, ba layin makaranta ba."

"Hannuna bai iya karkata ba!"

"To yau zai koya. Nan akwai 'yar reshe, kamar jelar ɓera. Nan kuma ta yi baki."

"Har baki gare ta?"

"Shekara shida ina goge mata shi."

Haka suka wuni, yana bugu yana ƙunƙuni, tana gyara masa. Da suka gama ta kawo ragowar ganyen shayi daga kicin, ya haɗa da toka da ɗan baƙin tukunya ya shafe ciki don ta tsufa. Manaja ya shigo ya tsaya baki buɗe.

"Baba, wallahi ta fi ta da kyau!"

"Allah ya shirye ka," in ji Mai-Igiya.

Bayan mako biyu ya koma ɗaukar katakan da ya yi tokara da su. Yana ratsa baranda sai ya ji muryar mai zagayawa da baƙi daga ɗaki na bakwai, ƙofa a buɗe, mutane sun cika ciki kowa da waya a sama.

"Ku duba da kyau. Shekara ɗari huɗu! Ba hannun mutum da zai iya zana irin wannan."

Wata baƙuwa har da dafe ƙirji. Mai-Igiya ya ja ya tsaya. Gidaje nawa ya gina a garin nan, miƙaƙƙu, lafiyayyu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ɗauki hoton ko ɗaya. Yau ga jama'a sun yi layi a kan abin kunyar da ya yi da hannunsa. Saura kaɗan ya leƙa ya ce musu ranar Asabar aka yi ta, da ganyen shayi.

Sai ga Uwar Biyu ta fito daga bayan baƙin, tsintsiya a hammata. Ta gan shi. Ta ɗago abin kwasar shara ta karkato masa shi ya gani. Gashin wata baƙuwa ne a ciki da takardar alewa. Yashi ko ƙwaya babu.

Ya duba, ya sake dubawa. Sannan ya saɓa katakansa a kafaɗa.

"Ki dai riƙa tafiya da ashanar," in ji shi.

"Tana aljihuna. Ko ɗaya ba ta shiga."