Layi na Huɗu a Katin Ramalan

Wata bakwai ina neman bakin da zan faɗa wa Hajiya Lami gaskiya. Ran Talata na hau acaɓa daga Rano zuwa Fammar, sandar dogarawata a kan cinya, na rantse yau sai na faɗa.

Ɗanta, Kyaftin Ramalan, shi ya samo min aiki. Ni ne mataimakinsa a ƙaramin jirgin saman wani attajiri, kuma Yaya nake ce masa. Idan an ajiye irin jirgin nan, akwai sakata da ake ja ta kulle fikafikai da jela don kada iska ta yi wasa da su. Kafin a tashi, aikina ne in karanta katin dubawa layi-layi, shi yana amsawa. Layi na huɗu: a zare sakata.

Ran nan mu biyu ne kawai, za mu ɗauko maigida, shi kuwa sai bugo waya yake yi. Na ɗaga kati, Yaya ya fizge ya cusa a aljihu.

"Kai Amiru, shekara ashirin ina tuƙi, yau za ka koya min karatu?"

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi! Ya girme ni, ya yi min rana, ina ni ina musu da shi? Muka ɗau gudu, ya ja sitiyari, jirgi ya ƙi ɗaga hanci, ashe ba a zare sakata ba. Titi ya ƙare. Ni kaɗai aka ciro da rai.

Na tarar da Hajiya tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Muna gama gaisawa ta shiga ɗaki ta ɗauko wani abu naɗe a ɗankwali. Katin ne, gefensa ya ƙone.

"A aljihunsa aka samu," in ji ta. "Ya sha gaya min ba ya tashi sai an karanta wannan. Ni ban yi boko ba. Karanta min, ɗan nan."

Na karanta ina fassara mata. Da na zo layi na huɗu, da ƙyar na wuce.

"To, alhamdu lillahi. Tunda kun yi naku, sauran na Allah ne, hankalina ya kwanta." Ta ɗago ta dube ni. "Ai kun karanta ran nan ko?"

"Mun karanta, Hajiya."

Ta cika min leda da gyaɗa, ta rako ni har zaure tana sa min albarka. Na tsani kaina, amma kowace addu'a sai da na ce amin.