Baiwar da Na Ƙi Binnewa

Ina da wani ɗan hali, ba zan ɓoye ba: ina riga kowa shiga waƙa. Kafin mai ganga ya sauke hannu, ni na yi nisa a baitin farko. Matata ta ce ba saurin ne matsala ba, abin da ke fitowa ne. Amma ita ko a wanka ba ta waƙa, don haka ban karɓi shaidarta ba.

Wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi kan bawan nan da maigidansa ya ba shi talanti, wato kuɗin da zai juya, amma ya binne shi a ƙasa. Ya ce lokacinmu da kuɗinmu da baiwarmu duk ajiyar Ubangiji ce, kuma za a tambaye mu. Ina layin baya cikin mawaƙa ina ta gyaɗa kai. Lokaci na bayar, zakka ina fitarwa, murya kuwa ban taɓa yi wa Allah rowarta ba.

Ana tashi, shugaban mawaƙa ya tare ni a bakin ƙofa. A gabana aka haife shi, yanzu har da gemu.

"Kawu, ka ji wa'azin yau?"

"Da kunne biyu."

"To, mun duba, baiwarka a hannu take. Kai mai gyaran lantarki ne, ga lasifikarmu kullum tana kuka kamar akuya. Da ka bar mana waƙa ka koma wajen na'ura."

"Wato ku binne ni a bayan akwatin wayoyi."

"Haba Kawu, ai hidima ce."

"Mako guda cur ina shago cikin waya da hayaƙin dalma. Lahadin ma? Allah da kansa ya huta!"

Ya kai ƙarata gun dattawa. Aka zaunar da ni a ƙaramin ɗakin da ake jibge karyayyun bencina. Babban dattijo ya ce, "Ɗan'uwa, kowace gaɓa da aikinta a jiki. Hannu ba ya waƙa."

Na ce, "Baba, maigidan nan bai tambayi bawa ko talantin yana da daɗin ji ba. Cewa ya yi, me ka yi da shi? Ranar shari'a in aka tambaye ni muryata, sunan wa zan kira a cikinku?"

Ba wanda ya miƙa sunansa. Fasto ya yi tari, ya shiga nazarin rufin ɗaki.

"Lasifika zan gyara ranar Asabar, kyauta," na ce. "Amma daga cikin mawaƙa sai dai a ɗauke ni da makara."

Na gyara ta kuwa, har tagogi suna rawa in ta yi magana. Washegari shugaban mawaƙa ya kamo hannuna ya kai ni layin gaba, ya damƙa mini makirufo nawa ni kaɗai. Na kalli dattawa ɗaya bayan ɗaya, na buɗe maƙogwaro. Na yi waƙa har riga ta jiƙe.

A waje mutane suka yi ta gaishe mu. Matata ma ta ce, "Baban yara, ban taɓa jin mawaƙa sun yi daɗi kamar yau ba."

"Yanzu kika yarda," na ce, na koma ciki in taya su naɗe wayoyi.

Wayar makirufona ba ta kai na'ura ba. An ɗaure bakinta a ƙafar benci.