Kwalbar Inna Furera

Likitan da ya yi wa Inna Furera aiki bai ɓoye wa 'yarta Naja'atu komai ba. Ya miƙa mata wata 'yar kwalbar roba mai jan murfi, a ciki ga ƙullutun da ya ciro daga maman Inna, a jiƙe cikin ruwan magani. Ya ce a aika da ita ɗakin gwaji a Abuja, su ne za su faɗa ko ciwon daji ne ko ba shi ba ne.

"Gaba ɗayansa na cire," in ji shi. "Babu wani. Ki riƙe ta kamar ƙwai."

Inna kuwa tata dokar ɗaya ce: kada kowa a Unguwa Uku ya ji. Ciwon da ke ƙarƙashin zani ba a kai shi bakin duniya. Maƙwabtan da suka zo dubiya ma an ce musu olsa ce ta tashi. Naja'atu malamar firamare ce, ta san wannan ɓoyon ba ya warkar da kowa, amma wa zai yi musu da uwa tana kwance da ɗinki a ƙirji? Ta naɗe kwalbar a leda, ta ƙara da tsohon ɗankwali, ta sa a kwali. Takardar likita ta ɗauki hotonta ta tura wa yayanta Yusuf, wanda zai karɓi saƙon a Abuja ya kai da kansa.

A Gyadi-Gyadi akwai wani kamfanin aika saƙo, shago ɗaya da ɗakin ajiya, an rubuta alkawura manya-manya a bango. Ta shiga da kwalinta. Wanda ke bayan kantar shagon Garba ne, maƙwabcinsu katanga ɗaya, mijin Hasana. Ita kuwa Hasana, magana ba ta kwana a cikinta, ko da ta shiga da magariba.

"A'a, Malama Naja! Yaya jikin Inna? Me za a kai wa mutanen Abuja?"

"Humra ce," ta ce, bakinta ya riga tunaninta. "Ta matar Yaya Yusuf. A kula, kwalba ce."

"Turaren mata dai ba ya ƙarewa," ya ce yana dariya. Ya rubuta humra a jikin kwalin da baƙin alƙalami, ya ajiye shi kan wasu kaya, ya ce jibi war haka yana hannun Yusuf.

Jibi ta zo ta wuce. Yusuf ya je ofishinsu na can, aka ce ba a ga kwali ba. Naja'atu ta kira lambar da ke kan rasit, ta yi ta ringin har ta gaji. Da aka ɗauka, wata murya ta ce babu netwok, a sake kira. Washegari aka ce motar ta lalace a Kaduna. Bayan nan aka daina ɗauka kwata-kwata. Wannan dai halin kamfanonin nan ne, ranar karɓar kaya kai ne Alhaji, ranar neman kaya ba a san ka ba. Da a ce humra ce ta gaskiya, da ta yi Allah ya isa ta haƙura.

Abin da ya fi tsorata ta shi ne Garba. Mutumin da ba ya wuce ƙofarsu bai leƙo ya gaida Inna ba, yanzu in ya hango ta sai ya juya babur ya bi wani lungu. Hasana ta daina aiko yara ɗibar ruwa a rijiyar gidansu. Wata rana Naja'atu ta fito za ta makaranta, matan da ke sayen ƙosai suka yi tsit, suka bi ta da ido har ta sha kwana. Ita kuwa ba ta san laifin da ta yi ba.

Inna kullum tambayarta ɗaya ce: "Sun ce me?" Naja'atu ta ce aikin gwaji ba ya son gaggawa. Tana faɗa tana kallon ƙasa.

Ranar da haƙurinta ya ƙare, daga makaranta ta hau adaidaita zuwa Gyadi-Gyadi. Ta ce ba za ta motsa daga gaban kanta ba sai ta ga manaja. Garba ya shige ciki. Can sai manajan ya fito, Mista Ayuba, wani dogon mutum ɗan Kudancin Kaduna, ya ce ta biyo shi ɗakin ajiya. Tana shiga ta tarar da Garba, da direba Shehu, da masu lodi biyu a tsaye. Ɗaya daga cikinsu ya mayar da ƙofa ya jingina da ita.

"Malama," in ji Mista Ayuba, "kafin mu kira 'yan sanda, muna so mu ji daga bakinki. Darajar maƙwabtaka ce ta sa Garba ya roƙe mu muka jira. Naman wa kika ba mu?"

Ta ce su gaya mata abin da ya faru.

Shehu ne ya ba da labarin. An ɗora injin markaɗe a kan kwalin wajen lodi. Kafin su kai Kwanar Dangora wani wari ya cika motar, wari mai yaji, idanunsu na zubar da ruwa. Suka tsaya, suka buɗe, suka ga kwalba a fashe. "Hajiya, na san naman saniya, na san na akuya. Wannan ba shi ba ne. An naɗe shi a ɗankwalin mace, an rubuta turare a kai. Ni da iyali, zan ɗauki kayan tsafi a motata har Abuja?"

"Ina yake?" ta ce. "Don Allah ina yake?"

"Yaran nan cewa suka yi a ƙona. Na ce a'a, in na ɗan Adam ne, haƙƙinsa a binne shi. Muka haƙa rami a gefen wata gona, muka sa shi a farin ƙyalle, muka rufe. Mun yi masa addu'a ma."

Sai a nan Naja'atu ta faɗi abin da aka hana ta faɗa, a gaban maza biyar, da ƙarfi, tana kuka. Ta ce naman uwarta ne. Ta ce daga maman Inna aka ciro, ana so a gani ko daji ne, kuma babu wani. Ta buɗe wayarta ta nuna musu hoton takardar likita, Mista Ayuba ya karɓi wayar ya duba da kansa.

Mai tsaron ƙofa ya matsa gefe. Garba ya zauna a kan wani kwali ya dafe kai. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama, da kin faɗa min!"

"Da kun kira ni fa? Lambata tana jikin kwalin! Kuka bar ni ina bin ku kamar mai bara!"

Mista Ayuba ya yi gyaran murya, ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai, Allah ya ba Mama lafiya. Amma a ƙa'idar kamfani, abin da mai kaya ya ce shi ne a ciki, shi ake biya. In tana so, za su saya mata humra. Ta juya ga Shehu ta ce ya kai ta wurin yanzu-yanzu. Ya ce gonakin wajen duk kamarsu ɗaya, kuma an yi ruwa sosai tun ranar.

A bakin titi ta kira likita. Ya ce ko an tono shi ba zai yi amfani ba, tunda ya bar ruwan magani ya shiga ƙasa. Sai dai a zuba ido, a riƙa kawo Inna ana dubawa. Ta tambaye shi har yaushe. Ya ce ba shi da amsar wannan.

Bayan la'asar ta isa gida. Inna na zaune a kan tabarma a tsakar gida tana tsince shinkafa. Naja'atu ta durƙusa ta gaya mata duka, ba ta rage komai ba, har da cewa kafin magariba unguwa za ta ji. Ta jira faɗa, faɗa bai zo ba.

"To," in ji Inna, "sun kyauta da ba su ƙona ni ba."

Ta ture farantin gefe, ta leƙa zaure ta ga babu kowa. Sannan ta kama hannun Naja'atu, ta cusa shi ƙarƙashin mayafinta, a ɗaya gefen, can kusa da hammata, ta danna yatsun 'yarta a kan wani abu mai tauri kamar ƙwallon dabino.

"Ki ce wa likita kada ya damu da wancan," ta ce a hankali. "Ga wani nan."