Saniyar Inna Yokebed

"Natan, saki igiyar nan!"

Daga ɗaki muryar Inna Yokebed ta fito, siririya amma da kaifi. Ina tsugune a bakin murhu ina ɓare ɗanyar ayabar da zan dafa mata, na ɗaga kai na ga ɗanta Natan ya tsaya cak a tsakar gida da igiyar saniya a hannu. Da safen nan ya sauka daga motar Kampala, ko takalmi bai cire ba.

"Inna, kasuwa zan kai ta. Gobe mu wuce babban asibiti."

"Saniyar wa za ka kai? Ai ta riga ta zama ta majami'a."

Ni Shifra, layin bishiyun kofi ne kaɗai ya raba gidana da na Inna Yokebed. Ita ta koya mini kwaɓa burodin Asabar lokacin da aka kawo ni garin nan ina amarya, kuma tun da ciwo ya kwantar da ita ni nake kula da ita. Don haka na san zancen saniyar tun daga tushe.

A farkon damina iska ta yaye rabin rufin majami'armu, inda mu Yahudawan garin nan muke ibada. Sai da aka naɗe Attaura a leda aka kai ta gidan Mesulamu, dattijon da ke riƙe da sadakar jama'a. Da aka taru neman taimako, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kwanon kofi. Inna Yokebed ta dafa sandarta ta miƙe ta ce, "Saniyata." Ita ke nan gare ta. Ba a jima ba ciwo ya kama ta, likita a garin Mbale ya duba ya ce abin ya riga ya bi jiki, a mai da ita gida a riƙa ba ta maganin rage zafi.

Natan ya ɗaure saniyar ya tafi ya ɗauko Mesulamu, wai ko za ta ji maganarsa. Tsohon ya shigo yana haki, ya gyara 'yar hularsa, ya zauna a kan kujerar bakin gado.

"Uwar Natan, ba zan karɓa ba. Rai yana gaba da rufi, haka aka koya mana. Kuma ba a yarda mutum ya ba da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin hannunsa ba."

"Kai Mesulamu, tun kana yawo ba wando na san ka, yau kai za ka karanta mini doka? An hana ne don kada mai bayarwa ya koma roƙo. To ni, inda za ni, wa zan roƙa?"

Natan ya durƙusa ya kama hannunta.

"Inna, ko wata guda ne likitoci su ƙara miki, ina so."

"Na sani, ɗana. Amma ka ji abin da likita ya ce, kuma ba ƙarya ya yi ba, jikina ya gaya mini tun kafin shi. In tafi Kampala in kwanta ina kallon bangon mutane, ruwa kuwa yana zuba inda ubanka ya yi addu'a?"

Ta huta, na ba ta ruwa ta kurɓa.

"Lokacin da sojoji suka rufe mana majami'u, kana goye a bayana. A kogon dutse muke taruwa muna addu'a da raɗa, ina toshe maka baki kada ka yi kuka a ji mu. Da aka sake mu, da kaina na ɗauki lakar ginin nan. Ba wanda ya zo daga wata ƙasa ya gina mana. Kada ka sa in tafi da alkawari a wuyana."

Natan ya kifa kai a gefen katifa. Ta bar shi ya yi kukansa, tana shafa masa ƙeya. Da ya ɗago ta ce, "Kai za ka kai ta kasuwar da kanka. Kuma kada ka yi musu irin cinikinku na 'yan birni, dillalan nan sai su cinye ka da ranka."

Washegari ya ja saniyar ya tafi, ya dawo da rana tsaka ya damƙa wa Mesulamu kuɗin gaba ɗaya. Ba su kai a sayi kwanon rufi duka ba, amma labari ya riga ya zaga gari. Wanda ya yi alkawarin kaza sai ga shi da akuya. Mata suka tara gyaɗa. Mesulamu ya sayar da kekensa, ya ce dama gwiwarsa ta gaji da shi. Maƙwabcinmu Musulmi, mai shagon kayan gini, ya aiko da ƙusoshi da tsani, ya ce kada a yi masa maganar biya. Ni ma na kai buhun kofin da nake ajiye da shi don bikin 'yata, mijina ne ma ya ɗora a kansa ya kai.

Natan ma'aikacin ofis ne, bai taɓa riƙe guduma ba, amma ya naɗe wando ya hau sama tare da kafintoci. Daga ɗakinta ana jin bugun, don majami'ar tana kan tudun da ke bayan gida. Ta sa na buɗe mata taga. Takan lumshe ido tana saurare, can sai ta yi murmushi.

"Shifra, kin ji wancan? Na Natan ne. Ji yadda yake kuskure ƙusa."

Mesulamu ya zo ya ce jama'a suna so a rubuta sunanta a bango. Ta harare shi.

"Sadakar da aka yi wa shela, ina ladanta?"

"Haba, duk gari an san saniyar wa ce."

"To ku rubuta sunan saniyar."

Ya fita yana dariya yana share ido da hannun riga.

Ranar Laraba aka buga kwano na ƙarshe, aka ɗauko Attaura daga gidan Mesulamu da waƙa. Da gangan suka biyo ta ƙofar gidanta suka tsaya. Ba ta iya tashi ba, sai ta miƙa yatsu ta taga wajen Attaurar, ta mai da su bakinta ta sumbata.

Washegari da hantsi numfashinta ya sauya. Na kira Natan. Ya zauna ya tallafo kanta, ya fara karanta mata addu'ar nan tamu ta "Ji, ya Isra'ila," leɓunanta suna binsa har zuwa "Ubangiji ɗaya ne." Daga nan shi kaɗai ya ƙarasa.

A ranar muka wanke ta, muka naɗe ta da farin ƙyalle, aka binne ta kusa da mijinta a cikin gonar ayaba. Mutane suka zo har daga ƙauyukan ƙetaren rafi, kowa ya karɓi shebur ya zuba ƙasa da hannunsa.

Da aka watse, Natan ya zauna a tabarma a ƙasa, ƙirjin rigarsa a yage kamar yadda masu makoki ke yi. Na kawo masa dafaffen ƙwai da ayaba. Ya miƙo hannu zai karɓa, tafin duk ya yi kanta, babban yatsansa ya yi baƙi saboda bugun guduma. A kan taga kyandir ɗin da aka kunna don tunawa da ita yana ci a cikin gwangwani, rana ta yi haske har da ƙyar ake ganin harshen wutar.