Gidaje Sittin da Biyu na Layin Famfo

A watan Satumba na 1987 Rufus ya bar Kafanchan zuwa Ingila, zai yi digiri na biyu a kan tsara birane da yankuna. Mutumin Fadan Kagoma ne, amma ya shekara takwas yana aiki a sashen filaye na ƙaramar hukuma. Yana haya a Layin Famfo, bayan kwatas ɗin reluwe, shi da matarsa Beatrice da 'yarsu Bernice. A ofis teburinsu ɗaya da Badruddeen, ɗan wani mai yadi a kasuwa, wanda kowa ke ce wa Badaru. In an fita awon fili, Badaru ke riƙe kan tef, Rufus ya ja ɗaya kan. Layinsu ɗaya kuma, gida biyar ne tsakaninsu.

Wata shida kafin tafiyar aka yi rikicin addinin da ya girgiza garin. A Layin Famfo ko taga ɗaya ba a fasa ba. Mazan layin, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, suka jera benci a bakin hanya, suka hana baƙin fuska shiga. Rufus ya yi alfahari da wannan, har ya yanke cewa a kan layin zai rubuta kundin bincikensa. Cikin ruwan Agusta shi da Badaru suka bi gida gida, suka ba kowanne lamba, suka rubuta ɗaki nawa ne, wa ke ciki, ina yake ɗiban ruwa. Gidaje sittin da biyu. Akwai Ibo 'yan reluwe, da Hausawa 'yan kasuwa, da Bajju, da Kaninkon, da wani tela Bayerabe.

A tasha Badaru ya miƙa masa jakarsa ta tagar jirgi ya ce, "Kai dai je ka yi karatu, mutumina. Duk abin da ya motsa a layin nan zan rubuto maka."

Garin da Rufus ya sauka a arewacin Ingila yake, ruwa ba ya ɗaukewa. Su goma sha huɗu ne a aji, har da 'yan Malesiya biyu da wata 'yar Kenya. Aka koya musu yadda ake shata hanyar bas, da inda ya kamata makaranta ta zauna don kada yara su tsallaka babban titi, da yadda ake bi da ruwan sama ta ƙarƙashin ƙasa. Ya so karatun ƙwarai. Wani lokaci yana cikin zane sai ya ga kwalbatin bakin kasuwarsu da ke cika duk damina, ya gane ga inda aka yi kuskure.

Wasiƙar Badaru ta farko labarin ofis ce da gaisuwa. Ta biyu ta zo a Disamba, a ƙasanta ya rubuta: "Ka gyara lamba tara. Mista Collins ya sayar wa Alhaji Ɗan'auta, ya koma kusa da cocinsu." A Fabrairu gida huɗu suka canja hannu. Badaru ya ƙara da cewa masu shigowar su ma tasowa suka yi daga wasu unguwanni, inda suka ga sun zama 'yan kaɗan. Ba faɗa, ba zagi. Mutum zai zo ya yi sallama da maƙwabta, a taya shi loda kaya a akori-kura, a rabu ana addu'a.

Rufus ya kai wasiƙun wurin farfesar da ke duba aikinsa, wata dattijuwa mai sanyin magana. Ta karanta fassarar da ya yi mata, ta duba taswirar layin da ya zana.

"Abin da ka zo ka rubuta ba shi ne ke faruwa ba," ta ce. "Ka rubuta wanda ke faruwa. Ka sa wa gidajen launi biyu, wata bayan wata, mu gani."

"Ba mu tambayi kowa addininsa ba da muka yi ƙidayar," in ji Rufus.

"Amma ka sani."

Ya sani. Ya ɗauki fensir kore da shuɗi ya zauna ya cike gidajen maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya.

A Afrilu wasiƙa ta zo gajeriya. "Lamba talatin da ɗaya, wato gidanka. Madam ta koma wurin yayanta Martins a hanyar Kagoro ranar Asabar. Ni na ɗaure katifa a saman mota, babu abin da ya fashe. Kada ka yi mata faɗa."

Bayan kwana biyu ta Beatrice ta iso. "Baban Bernice, ka yi mini haƙuri. Ba wanda ya taɓa ni, ba wanda ya faɗa mini maganan banza. Amma Maman Tochi ta tashi, Maman Jude ta tashi. Ran Lahadi ni kaɗai nake fita da Littafi Mai Tsarki a hannu, kowa yana gaishe ni, ni kuma ina jin tsoro. Kai kana nesa. Binta ta yi kuka, ni ma na yi."

Binta matar Badaru ce.

Rufus bai yi wa matarsa faɗa ba, ya amsa mata a ranar. Amma ta Badaru ta gagare shi. Sau uku yana farawa yana yagawa. In ya ce na gode, kamar ya yarda da tashin. In ya ba da haƙuri, kamar yana cewa tsoron Badaru iyalinsa suka ji. Ya ce bari sai an gama jarrabawa. Da aka gama ya ce bari sai ya miƙa babi na uku. Badaru ya sake rubuto biyu, kowace da lambobin gidajen da suka canja. Rufus ya kwashe lambobin ya sa a taswira, bai amsa ba. Daga Yuni wasiƙun suka tsaya.

A ƙarshen Agusta Beatrice ta rubuto cewa Badaru ya rasu. Ciwon shawara ne, kwana tara ya yi a asibiti. Kafin takardar ta iso hannun Rufus an yi sati uku da binne shi.

Ya karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu na sashensu. Ya hau sama ɗakin zane, ya zauna gaban allonsa, ya kasa ɗaukan komai. 'Yar Kenyar nan ta kawo masa shayi ta ajiye, ba ta tambaye shi ba.

Ya gama kundin. Masu jarrabawa suka yaba, ɗayansu ya ce bai taɓa ganin wanda ya bi rabuwar unguwa gida gida haka ba, ya tambayi yadda ya samu bayanan.

"Abokin aikina ne ya tara," in ji Rufus.

"To ka gode masa sosai."

Ya dawo Kafanchan ana saura kwana goma Kirsimeti. Washegari da hantsi ya tafi Layin Famfo gaisuwa. Yaran da ke wasa a bakin layin ba su san shi ba. Binta ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna daga bakin ƙofa da mayafi.

"Ya haƙuri, Binta?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Baban Bernice, an dawo lafiya? Ya karatu?"

"An gama. Allah Ya ji ƙansa."

"Amin." Sannan ta ce, "Kullum in ya taso ofis sai ya biya gidan waya. Ya ce wasiƙun Ingila a Legas suke maƙalewa. Har a asibiti ya ce in wasiƙarka ta zo a karanta masa."

Rufus ya sunkuyar da kai. Yana iya barin ta a kan haka, amma ya ce, "Ba maƙalewa ta yi ba. Ban rubuto ba."

Ta dube shi. "Ya san da haka," ta ce. "Saboda ni kawai yake cewa maƙalewa suke yi."

Ta tashi ta kawo masa ruwa, ya sha, ya yi mata sallama.

A Janairu ya koma aiki. Ya ba shugaban sashe kwafin kundin, aka taya shi murna, aka sa a kabad. Aikin farko da aka ba shi yanka fulotai ne a sabon fili wajen gari, ta hanyar garin Gidan Waya. Ya tsara shi yadda aka koya masa, ya bar wurin makaranta, da na asibiti, da hanyar ruwa. Da aka fara rabo, yawancin masu zuwa ba sa tambayar faɗin titi. Sai su duba hagu da dama, su rage murya su ce, "Oga, wa ke kusa da wannan?" Da farko yakan ce bai sani ba. Daga baya ya ga suna tafiya su tambayi masinja, su dawo su nemi a canja musu lamba, sai ya riƙa juya musu rajistar su duba da kansu.